Zakaran Gwajin Dafi: Darasin Yaƙin Blu-ray da HD DVD ga Mai Sayen Kayan Kallo

A ranar 19 ga Fabrairun 2008, shugaban kamfanin Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban 'yan jarida a birnin Tokyo ya sanar da cewa kamfaninsa ya daina ƙera na'urar kallo ta HD DVD. Da wannan sanarwa guda ya mayar da na'urori kusan miliyan ɗaya da ke zaune a falukan mutane a Amurka da Turai da Japan marayu. Babu wadda ta lalace a cikinsu. Duk wanda ya kunna tasa a daren nan ta kama, ta haɗiye faifai, ta fito da hoto garau kamar yadda ta saba. Gobenta ce ta mutu, domin bayan 'yan watanni babu wani sabon fim da zai sake fitowa a kan faifan da take karantawa. Wasu daga cikin masu ita dala 499 suka biya ƙasa da shekara biyu kafin ranar. Wasu kuwa makonni kaɗan ke nan da ɗauko tasu, suna murnar sun tsinci araha.

Ba jahilai ba ne waɗanda abin ya rutsa da su. Hasali ma su ne suka fi kowa bincike kafin su ciro kuɗi. Sun bi mujallun kayan lantarki, sun auna abin da wannan faifai yake ɗauka da na wancan, sun yi ta muhawara a kan wanne ya fi kyan hoto da daɗin sauti. Duk wannan bai tsinana musu komai ba, saboda hukuncin bai rataya a kan ingancin na'ura ba. A ɗakunan taron kamfanonin fim da na manyan kantuna aka yanke shi, inda ba a gayyaci mai saye ko ɗaya ba.

Duk da haka, har yau dillalan kayan lantarki da masu yi musu talla ba su daina huɗubar da suka saba ba, cewa wayayye shi ne wanda ya riga kowa mallakar sabon abu, mai jira kuwa ko ɗan ƙauye ne ko marowaci. Huɗubar ƙarya ce, kuma tarihin na'urorin kallo na shekara hamsin ya sha ƙaryata ta. Wanda ya riga kowa saye zakaran gwajin dafi ne. Bambancinsa da zakaran gaske shi ne shi yake biyan kuɗin dafin daga aljihunsa.

Faifai biyu, aiki ɗaya

A farkon shekarun 2000 talabijin masu faffaɗan allo suka fara shiga gidaje a ƙasashe masu arziki, sai aibin DVD ya fito fili. Hoton talabijin tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi. Hoton DVD irin wanda ake kallo a Turai da Afirka yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimilla 414,720. Sabon tsarin da ake kira HD yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, sama da miliyan biyu ke nan, ninki biyar cif. Fim mai irin wannan hoto ya fi ƙarfin faifan DVD, wanda shimfiɗarsa ɗaya gigabait 4.7 take ɗauka. Ya zama dole a samo sabon faifai.

Dabarar da aka samo guda ɗaya ce. Na'urar DVD tana karanta faifai da jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 650. Idan aka musanya shi da shuɗi mai nanomita 405, bakinsa ya fi tsini, sai a iya matse rubutun da ke kan faifan a cusa mai yawa a fili ɗaya, kamar yadda almajirin da ya fiƙe alƙalaminsa yake samun layuka a allo fiye da mai dakusasshe. A kan yadda za a yi amfani da wannan haske ne aka rabu gida biyu. Sony da Panasonic da Philips da Samsung da abokansu suka fito da Blu-ray. Sun matso da shimfiɗar rubutun dab da fuskar faifan, tazarar milimita 0.1, suka samu gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a biyu. Toshiba da NEC, da goyon bayan Microsoft da Intel, suka fito da HD DVD. Sun bar shimfiɗar a zurfin milimita 0.6 kamar ta DVD, suka samu 15 da 30, amma masana'antun da ke buga DVD suna iya buga faifansu da ɗan gyara kaɗan, don haka ya fi araha. Faifan biyu girmansu ɗaya a hannu, hoton da suke fitarwa kuwa mai kallo na yau da kullum ba zai bambance su ba. Sai dai na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan.

Sun san abin da suke yi

Kada wani ya ce tuntuɓe kamfanonin nan suka yi. Sony ya taɓa shan irin wannan kaye. Ya fito da kaset na Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS awa biyu, wanda ya isa fim guda, kuma JVC ya buɗe wa sauran kamfanoni ƙofa su ƙera irin na'urarsa. Shagunan hayar kaset suka cika kantocinsu da VHS, masu Betamax suka riƙa yawon neman abin kallo, har a 1988 shi kansa Sony ya fara ƙera VHS.

An kuma san maganin cutar. A 1995 an kusa maimaita rikicin, lokacin da Sony da Philips suka zo da faifansu, Toshiba da Warner suka zo da nasu. Kamfanonin kwamfuta, IBM a gaba, suka ce ba za su karɓi ko ɗaya ba sai an haɗe su. Aka zauna aka sasanta, aka haifi DVD, wanda ya shiga gidajen duniya da saurin da ba a saba gani ba. Shekara goma bayan haka, a 2005, Sony da Toshiba suka sake zaman sulhu, suka tashi baram-baram. Dalilin a fili yake. Duk wanda tsarinsa ya yi nasara zai riƙa karɓar kuɗin lasisi a kan kowace na'ura da kowane faifai da aka buga a duniya, shekara da shekaru. Maimakon su raba wannan ganima a tsakaninsu, sai suka zubo kaya iri biyu a kasuwa, suka bar masu saye su yi musu alƙalanci da kuɗinsu. 'Yan talla suka raɗa wa abin suna “zaɓi”. Alhali idan aka nuna wa mutum ɗaki biyu aka ce ya shiga wanda ya ga dama, an kuma san za a toshe ƙofar ɗaya da bulo yana ciki, caca aka sa shi.

Yadda aka ci kasuwar

Toshiba ya riga fita. Na'urarsa ta HD-A1 ta shiga kantunan Amurka a Afrilun 2006 a kan dala 499. A watan Yuni Samsung ya kawo ta Blu-ray ta farko a kan kusan dala dubu. Idan farashi ne alƙali, an gama shari'a tun daga nan. To amma na'urar kallo akwati ce kawai idan babu fim, fim kuwa yana hannun kamfanoni 'yan ƙalilan. Sony yana da nasa kamfanin fim, Disney da Fox suka tsaya tare da shi. Universal ya tsaya da Toshiba. Warner da Paramount suka raba ƙafa. Sakamakon haka, a 2007 mai son kallon Casino Royale da irin wannan hoto sai ya mallaki Blu-ray, mai son Transformers sai ya mallaki HD DVD, mai son duka biyun sai ya sayi na'ura biyu, ko ya biya dala 1,199 ya ɗauki ta LG mai karanta kowanne.

Makamin da ya fi yi wa Toshiba illa bai ma shigo da sunan na'urar fim ba. A Nuwamban 2006 Sony ya fito da na'urar wasa ta PlayStation 3, ya dasa mata makarancin Blu-ray a ciki, yana sayar da ita ƙasa da kuɗin ƙera ta. Kafin yaƙin ya ƙare an sayar da sama da miliyan goma. Matasan da suka saye ta don buga wasa sun shigar da Blu-ray gidajensu ko sun yi niyya ko ba su yi ba. Microsoft kuwa daban ya riƙa sayar da makarancin HD DVD na Xbox 360, a kan dala 199, sai wanda ya ga dama ya saya.

Daga nan abin ya koma cinikin bayan fage. A Yunin 2007 Blockbuster, babban kamfanin hayar finafinai na Amurka, ya fifita Blu-ray a shagunansa da dama. A Agusta Paramount da DreamWorks Animation suka koma HD DVD kacokan, jaridun Amurka suka ruwaito cewa ihsanin da ya kai dala miliyan 150 ne ya ja su. A Nuwamba kantin Walmart ya karya farashin wata na'urar Toshiba zuwa ƙasa da dala ɗari, jama'a suka yi mata rubdugu. Wata biyu bayan haka, ranar 4 ga Janairun 2008, Warner, wanda ya fi kowa kaso a kasuwar faifai, ya ce ya bi Blu-ray shi kaɗai. Ɓangaren HD DVD ya soke taron manema labaran da ya shirya a baje kolin kayan lantarki na Las Vegas. Netflix da Best Buy suka juya baya ranar 11 ga Fabrairu, Walmart ya bi sahu ranar 15, kwana huɗu bayan haka Toshiba ya miƙa wuya.

Akwai abin da bai kamata a manta ba a tsakanin sanarwar Warner da ta Toshiba. A cikin waɗannan makonni shida, lokacin da duk wani mai ido a harkar ya san an gama, Toshiba ya zabge farashin na'urorinsa, ya kuma sayi talla a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, inda talla ta fi tsada a duk shekara. Wato an ci gaba da kiran mutane su shiga jirgin da matuƙansa suka san ya huje. Da ƙura ta lafa, Best Buy ya raba wa waɗanda suka saya a wurinsa katin sayayya na dala 50, Warner kuma daga baya ya ce a kawo tsohon faifai a ƙara kuɗi a karɓi na Blu-ray. Toshiba ya tafka asara, amma kafin 2009 ta ƙare ya fito da tasa na'urar Blu-ray ya ci gaba da kasuwancinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya canka daidai ma bai tsira ba

Wani zai ce ai wanda ya zaɓi Blu-ray tun farko ya ci riba. Lissafi bai nuna haka ba. Domin a riga Toshiba ko a kamo shi, an fito da na'urorin Blu-ray na farko tsarin bai kammala ba. Daga baya aka ƙaro mataki na biyu mai nuna ƙaramin hoto a cikin babba, aka ƙaro na uku mai haɗuwa da intanet. Na'urorin dala dubu na 2006 ba su iya ko ɗaya ba, yawancinsu kuma babu hanyar ɗaga darajarsu. Ga nawa wajen buɗe faifai, ga sababbin finafinan da kan ƙi tashi sai an sabunta manhajar na'urar. Zuwa ƙarshen 2009 ana samun na'urar Blu-ray da ta fi waccan aiki a ƙasa da dala ɗari. Wanda ya yi haƙurin shekara uku ya biya kashi ɗaya cikin goma, ya samu cikakken kaya, ya kuma tarar da dubban finafinai suna jiransa a kanti.

Shi kansa Blu-ray ɗin bai ci gadon da aka yi faɗa a kansa ba. A Janairun 2007, ana tsakiyar yaƙin, Netflix ya fara aika fim ta intanet. Shekaru biyun da masu saye suka yi suna ɗari-ɗari da faifan biyu su ne shekarun da suka fara sabawa da kallo ba tare da faifai ba. Blu-ray bai taɓa kai matsayin da DVD ya kai ba. Samsung, wanda ya fara kawo na'urar kasuwar Amurka, ya daina fitar da sababbi a can a 2019. Best Buy ya kwashe faifai daga kantocinsa a 2024.

Ba a kuma ɗauki darasi ba. Bayan fim ɗin Avatar ya yi tashe a ƙarshen 2009, aka cika duniya da cewa talabijin mai hoton 3D ita ce makoma, kowa ya sayi sabuwa da tabaranta. Zuwa 2017 manyan kamfanonin duk sun daina ƙera ta, tabarau suka koma cikin durowa.

A nan gida

Wannan yaƙi bai taɓa iso Kano ko Zinder da sunansa ba, amma ƙa'idar da ta yanke shi ita ce take mulkin kasuwar kallo a ƙasar Hausa: na'ura tana bin abin kallo ne. Finafinan Hausa na bidiyo a kan kaset suka fara, tun daga Turmin Danya a 1990, kuma su da na Indiya suka sa bidiyo ta zama kayan ɗaki. Da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka koma buga sidi, mutane suka koma na'urar sidi 'yar Chaina, duk da cewa hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, kusan kashi ɗaya cikin ashirin na HD. Daga nan aka shiga DVD mai finafinai barkatai a faifai guda, sai masu turi a memori da waya, sai Arewa24 da YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango suka koma. A duk wannan tafiya babu zangon da aka ya da a kan Blu-ray. Alhajin da ya ɗauko irin na'urar daga Dubai a 2008 don ya burge baƙi, DVD ɗin kowa da kowa ya ƙare yana sa mata.

Kwatankwacin HD DVD a Nijeriya kuwa shi ne dikodar HiTV. Kamfanin ya fito a 2007 da haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila, magidanta da masu gidajen kallo suka sayi dikoda da tasa saboda ƙwallo. A 2010 haƙƙin ya suɓuce masa, a 2011 ya durƙushe. Dikodojin lafiyarsu ƙalau, babu dai abin da ke zuwa ta cikinsu. Kwesé ya zo daga baya da irin wannan alkawari, ya rufe a 2019. Duk wanda ya sayi na'urar kallo, a haƙiƙa alkawari ya saya, cewa wasu mutane da bai sani ba za su ci gaba da zuba mata abinci. Sayen irin wannan alkawari kafin a ga alamar cika shi cinikin biri a sama ne.

Hujjojin masu gaggawa

Masu kare saurin saye suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce idan kowa ya ce zai jira, babu sabon abin da zai taɓa tsayawa da ƙafarsa. Gaskiya ne sai wani ya fara. Amma babu dalilin da zai sa wannan wani ya zama malamin makaranta da albashinsa. Akwai attajiran da wannan ne abin sha'awarsu, waɗanda asarar dala ɗari biyar ba za ta hana su barci ba, akwai kuma kamfanonin da za su kwashi ribar idan abin ya karɓu. Su ya kamata su ɗauki kasadar. Babu wani hakki a wuyan magidanci na ya tallafa wa binciken kamfanin da ya fi ƙasarsa kuɗi.

Ta biyu ita ce jira ba ya ƙarewa. Kowace shekara akwai wadda ta fi ta bara, mai jiran ta ƙarshe jiran gawon shanu yake yi. A nan an cakuɗa jira iri biyu ne. Jiran a daina inganta kaya, wannan ba shi da ranar ƙarewa, kuma babu mai hankalin da zai yi shi. Jiran a gama rigima a kan wane tsari za a bi kuwa yana da iyaka. Yaƙin Blu-ray da HD DVD wata 22 ya yi a kasuwar Amurka. A tsawon lokacin babu wanda ya rasa abin kallo, domin kowane fim ya ci gaba da fitowa a DVD. Abin da mai haƙuri ya rasa shi ne ƙarin kyan hoto na ƙasa da shekara biyu, da damar cewa shi ya fara.

Ta uku ita ce mafi nauyi ga ɗan Nijeriya: darajar naira. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A ƙasar da kuɗi ke narkewa haka, shawarar “jira farashi ya sauko” tana iya zama cutarwa, tunda abin da ya sauka da dala yakan hau da naira. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta sayen abin da aka tabbatar da shi da wuri: firji, keken ɗinki, farantin sola, ko talabijin irin wadda kowa ya sani. Ba ta shafi abin da ba a san makomarsa ba. Na'urar da aka daina yi wa abinci ba ta riƙe daraja da naira, ba ta riƙe da dala. Ƙarancin kuɗi ma dalili ne na ƙara taka-tsantsan, domin wanda ya yi kuskure a Amurka a 2007 ya sayi wata a 2009, wanda ya yi shi a Gusau kuwa zai zauna da kuskurensa shekara goma.

Yaushe ne lokacin?

Kalanda ba ta nuna shi, amma yana da alamomi. Ta farko, a duba ko masu ƙera abin sun daina faɗa a kansa. Idan manyan kamfanoni sun rabu gida biyu kowa yana cewa nasa ne makoma, amsar da ta dace ita ce a mayar da kuɗi aljihu. Idan aka ga an zabge farashi ba zato a tsakiyar irin wannan rigima, kada a ɗauka garaɓasa ce, sau da yawa gwanjon kayan mamaci ne tun kafin a sanar da rasuwar.

Ta biyu, mai saye ya lissafa abin da yake kallo da gaske, ya tambaya ko yana samuwa a sabon tsarin, a garinsu, a farashin da zai jure. Talabijin mai 4K tana da ɗigo sama da miliyan takwas, amma yawancin tashoshin da dikoda ke kawowa ba su wuce HD ba, da yawa ma ba su kai ba. Kallon 4K ta intanet kuwa, a lissafin Netflix kansa, yana iya cin gigabait bakwai na data a awa guda. Gidan da ke auna data da cokali ya sayi allon da ba zai iya ciyarwa ba.

Ta uku ita ce ido da faɗin ɗaki. Idon mutum yana da iyakar ƙanƙantar abin da yake rarrabewa. Allo mai inci 40 sai an zauna kusan mita ɗaya da rabi daga gare shi kafin a ga cikakken amfanin HD. Mai inci 55 na 4K sai an matso kusan mita ɗaya. A falon da kujeru suke jingine da bango, mita uku daga talabijin, miliyoyin ɗigon da aka biya kuɗinsu ba sa isowa idon kowa. Shi ya sa a shago ake tsayar da mai saye dab da allo, a sa masa hoton furanni da tsuntsaye da aka tanada musamman don wannan aiki.

Ta huɗu, a tambayi mai gyara kafin a tambayi mai sayarwa. Wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, da ƙurar hunturu da ke shiga idon leza, ba su san sunan kamfani ba. Na'urar da mai gyaran unguwa ya taɓa buɗe irinta, kayan gyaranta kuma suna kasuwa, ta fi wadda sai an aika Legas ko Dubai.

Da wannan ma'auni, abin mamaki, yanzu ne na'urar Blu-ray ta fi dacewa da saye ga mai buƙatarta, lokacin da 'yan talla suka daina ambatonta. Rigimarta ta ƙare tun 2008, tsarinta ya kammala, tana karanta tsofaffin faifan DVD, hotonta kuma ya fi na intanet cika, tunda ba a matse shi don ya bi ta waya ba. Faifan da ke kan kanta ba ya buƙatar data, ba a kuma iya janye shi daga nesa, saɓanin fim ɗin da aka “saya” ta intanet. A 2022 mutanen Jamus da Ostiriya da suka sayi finafinan Studiocanal a shagon PlayStation sun wayi gari an goge su daga asusunsu saboda yarjejeniyar lasisi ta ƙare. Sai dai mai saye ya kula da shiyya: an raba duniya uku, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna shiyyar B, Amurka tana A, na'urar da aka yo tsaraba daga can tana iya ƙin faifan da aka sayo a Landan. Wanda kuma kallonsa bai wuce finafinan Hausa da fassarar Indiya da ƙwallo ba, ba shi da abin yi da ita ko kyauta aka ba shi. Ya sa kuɗin a batir da sola, waɗanda za su sa talabijin ɗin da yake da ita ta riƙa kamawa.

Masu shago ba za su daina ba, sana'arsu ce. Jiya 3D ce, yau 8K ce da talabijin mai “basira”, wadda manhajarta kan tsufa shekaru kafin allonta ya gaji. Za a ce saura guda biyu, za a ce wane da wane sun riga sun ɗauka, za a ce gobe farashi zai tashi. Mai saye yana da tambayar da ta fi duk wannan nauyi, kuma yana da ikon ya tsaya sai an amsa masa: me zai kalla a cikinta a daren yau, wa kuma ya ɗauki nauyin kawo masa abin kallo shekara biyar masu zuwa? Idan amsar ta fara da “nan gaba kaɗan”, ya yi sallama ya tafi gida. In abin na ƙwarai ne zai same shi a kasuwa baɗi, an gyara kurakuransa, wasu sun riga sun ɗanɗana dafin.